Kebul Ko WiFi: Saurin Da Ake Biya Da Wanda Ke Isa Ɗaki A Rigachikun

A Rigachikun, kamar a sauran unguwannin da ke bakin titin Kaduna zuwa Zariya, hukunci ɗaya ake yanke wa duk wata matsalar intanet: sabis ba kyau. Bidiyo ya tsaya yana juyi, sabis ne. Kiran WhatsApp ya yanke ana tsaka da magana, sabis ne. Shafin rajista ya ƙi buɗewa, sabis ne. Daga nan sai a tsine wa kamfani, a sauya layi, a ƙara sayen data, mai hali ma ya shiga kasuwa ya ɗauko sabuwar rauta mai ƙahoni huɗu. Sau da dama kamfanin ya ci a zage shi. Amma akwai gidajen da saurin yake isowa bakin taga lafiya lau, sai ya mutu tsakanin falo da ɗakin kwana, a tazarar da ba ta kai taku ashirin ba. Wannan asarar ba kamfani ne ya jawo ta ba, kuma ƙarin data ba ya maganinta. Maganinta kebul ne, abin da mutane suka ɗauka tsohon yayi ne da zamani ya wuce.

Maganar ta fi nauyi a wannan unguwa fiye da wurare da yawa. A nan hedikwatar Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa take, wato NTI, wadda aka kafa a 1976 domin horar da malamai ta hanyar karatu daga nesa. A nan kuma akwai cibiyar Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN, wadda rajistarta da littattafanta da ayyukan gwajinta duk ta intanet suke. Ga ɗalibai, ga ma'aikata, ga masu shagunan cike fom da buga takardu da ke cin abinci a gefensu. Ga ɗalibin da ake gab da rufe masa shafin gwaji, intanet ya tsaya na minti biyar ba ƙaramin abu ba ne. Ga mai shago kuwa, kwastoman da ya gaji da jira shagon gaba zai nufa.

Kafin a yi nisa, akwai buƙatar warware wani ruɗani da harshen kansa ya haifar. A Hausa, "waya" na nufin zaren ƙarfen da ake ja, tana kuma nufin salular da ke aljihu, wadda ba ta da ko zare ɗaya. Don haka a nan za a kira zaren da sunan da masu sana'ar ke kiransa, kebul, a bar wa salula sunan waya.

Ruɗani na biyu ya fi wannan tsada. Intanet ɗin gida tafiya biyu yake yi, ba ɗaya ba. Tafiyar farko daga kamfani ce zuwa gida: ko ta iska daga turken sadarwa, ko ta kebul ɗin faiba, ko daga tauraron ɗan'adam. Tafiya ta biyu daga rauta ce zuwa na'urar da mutum ke riƙe da ita: ko ta WiFi, ko ta kebul. Kowace tafiya da nata cikas, kuma wadda ta fi rauni ita ke yanke saurin da mutum zai gani. A yawancin gidajen Rigachikun tafiyoyin biyu duk ta iska ake yin su, shi ya sa ake haɗa su a ɗauka abu guda ne. Mai gida ba shi da iko sosai a kan ta farko. Ta biyu kuwa a hannunsa take kacokan.

Me ya sa kebul ya fi WiFi? Ba don ƙarfe ya fi iska gudu ba. Dalilin shi ne WiFi kamar zaure yake, inda mutum ɗaya ne kawai ke magana a lokaci guda. Kowace na'ura, kafin ta aika saƙo, sai ta saurara ta ji ko wata na magana. Idan ta ji, sai ta dakata. Idan biyu suka fara tare, maganarsu ta cakuɗe, sai kowacce ta ja baya ta jira ta sake. Rautar ma kanta cikin layin take, ba ta aikawa da karɓa a lokaci guda a tasha ɗaya. Abin da ya fi ban haushi shi ne tsohuwar waya da ke can ƙuryar gida, wadda sigina ke isa mata da ƙyar. Tana magana a hankali, tana maimaitawa, kuma duk tsawon lokacin da take yi sauran na zaune suna jira, har da sabuwar laftof ɗin da ke kusa da rauta. Sababbin tsare-tsare irin su WiFi 6, wanda ya shigo kasuwa a 2019, sun rage wannan matsala, amma sai rautar da na'urorin duk sun kasance na zamani, kuma gida nawa ne ke haka?

Kebul kuwa hanya ce ta mutum ɗaya, mai hannu biyu, zuwa da dawowa a lokaci guda. Babu maƙwabcin da ke shiga, babu bangon da ke tarewa. Kebul ɗin da ake kira Cat5e, wanda shi ne mafi araha cikin masu kyau, yana ɗaukar megabit 1,000 a kowane sakan har tsawon mita 100, kuma abin da ake samu a aikace ya kan kai kusan 940. A mita 2 haka yake, a mita 80 ma haka yake. Fasahar ba sabuwa ba ce, tun 1973 Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka fara ta a kamfanin Xerox a Amurka, kusan shekara 24 kafin a fitar da ƙa'idar WiFi ta farko a 1997, wadda iyakar saurinta megabit 2 ne. WiFi ya yi tafiya mai nisa tun daga lokacin, amma har yau bai bar zauren ba.

A nan ne ya kamata a yi magana a kan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali, domin da su ake cin kuɗin mutane. Rautar da aka rubuta wa AC1200 ba ta taɓa ba na'ura ɗaya megabit 1,200 ba, kuma ba za ta taɓa ba. Lambar jimilla ce ta tashoshi biyu, 300 a zangon 2.4GHz da 867 a zangon 5GHz, aka haɗa aka ɗan cike. Waya kuwa ɗaya take hawa a lokaci guda. Ko wannan 867 ɗin ma lissafin takarda ne, abin da ke isa hannu bayan an cire jira da maimaici ya kan tsaya a wajen rabi zuwa kashi biyu cikin uku, shi ma idan ana kusa. Ƙananan wayoyi masu eriya ɗaya da ke hawa 2.4GHz kaɗai sukan haɗu a megabit 72 ne, abin da suke samu a zahiri kuma ƙasa da haka yake. Mai shagon da ya nuna lambar kwali ya ce wannan ce za ta magance matsalar gida, ko dai bai sani ba ko kuma ya sani ya yi shiru.

Akwai kuma bambancin megabit da megabait, wanda ke sa mutane su ga kamar an cuce su ko da ba a cuce su ba. Kamfanoni da megabit suke talla, wato Mbps, ita kuma waya da megabait take nuna saukar fayil. Bit 8 ne ke yin bait 1. Layin da ke ba da megabit 40 zai nuna megabait 5 ne a sakan, fayil mai girman gigabait 1 kuma zai ɗauki kamar minti 3 da sakan 20. Wanda ya ga 5 a maimakon 40 bai yi asarar komai ba.

Inda asarar gaske take shi ne bango. Masu ƙera rauta a Amurka da Turai gidajen katako da allon filasta suke tunani, waɗanda sigina ke ratsawa cikin sauƙi. Gidan Rigachikun bulo ne da siminti, da ginshiƙai masu rodi, da rufin kwano, da ƙofofin ƙarfe, da tagogi masu sandunan ƙarfe saboda ɓarayi. Idan bene ne, akwai kankare mai rodi tsakanin sama da ƙasa. Ƙarfe yana mayar da sigina baya, siminti da ruwa suna shanye shi, har tankin ruwan da ke tsakar gida yana da nasa kason. Tsohon ginin ƙasa mai kauri shi ma ba ya raga masa. Ga kuma fasalin gidan kansa: zaure a gaba, sashen mai gida, tsakar gida, ɗakunan iyali a jere, wani lokaci da ɗakin samari a can baya kusa da katanga. Akwati ɗaya a falon mai gida ba zai ciyar da wannan duka ba, ko ƙahoninsa nawa ne.

Kuma dubi inda ake ajiye akwatin. Bayan talabijin, ko cikin durowa don kada yara su taɓa, ko a ƙasa kusa da soket saboda kebul ɗin wutarsa gajere ne. Kowanne cikin waɗannan yana rage sauri tun kafin sigina ya fita ɗakin.

Rautar 4G ko 5G, irin wadda MTN da Airtel da sauransu ke sayarwa, tana da wata matsala ta daban da ba a cika lura da ita ba. Akwati ɗaya ne ke aiki biyu masu karo da juna. Don ya kamo turke da kyau, yana son bakin taga ko wuri mai tsayi a gefen gidan da ke fuskantar turken. Don ya raba WiFi da kyau, yana son tsakiyar gida. Wuri ɗaya ba zai zama biyun ba. Idan aka kai shi taga, ɗakunan baya sun rasa. Idan aka dawo da shi tsakiya, kowa ya samu sandunan WiFi cike amma intanet ɗin da ke bayansu ya raunana, sai a ga waya na nuna cikakken sigina alhali shafi ya ƙi buɗewa. Wannan ne wurin da kebul ya fi yin amfani a gida irin na nan. A bar akwatin a taga inda yake jin turke, a ja kebul daga ramin da ke bayansa zuwa tsakiyar gida, a sa rauta ta biyu a can ta riƙa raba WiFi. Ko tsohuwar rautar da aka jefar a durowa tana iya yin aikin idan aka saita ta. Ta haka an raba ayyukan biyu, kowanne ya samu wurin da ya dace da shi.

Wasu sukan gwammace na'urar ƙara sigina, wadda ake cusawa a soket ta kamo WiFi ta sake watsa shi. Tana da sauƙin haɗawa, gaskiya ne. Amma mai rediyo ɗaya a cikinta sai ta saurara sannan ta maimaita a tasha guda, don haka kusan rabin saurin ke tafiya. Ƙari a kan haka, mutane kan sa ta a ɗakin da sigina ya riga ya mutu, sai ta riƙa watsa rauni da ƙarfi. Na'urorin da ke bi da intanet ta wayoyin lantarkin gida su ma ana tallarsu, sai dai a gidan da ake juya wuta tsakanin Nepa da janareto da sola, ga wayarin da aka yi kashi-kashi, ba abin dogaro ba ne.

Sai batun zango. Rautocin zamani suna watsa WiFi a 2.4GHz da 5GHz. Na farkon ya fi nisa da ratsa bango, amma ya fi cunkoso, domin tashoshi uku kaɗai gare shi da ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11, kuma Bluetooth da murhun maikurowef duk a nan suke. A gidajen haya da ɗakuna ke jere, kowa da MiFi ɗinsa ko wayarsa da ya kunna wa rabon data, duk a zaure ɗaya ake hayaniya. Na biyun ya fi sauri da sarari, amma bango biyu sun isa su durƙusar da shi. Kuma a kula, idan sunan WiFi ya fito da "5G" a ƙarshensa, zangon 5GHz ake nufi, ba shi da alaƙa da 5G ɗin kamfanonin waya. Shi wannan MTN ne ya fara shi a Najeriya a 2022, a birane bakwai: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Kaduna ba ta cikin sahun farko. Airtel ya biyo baya a 2023. Rautar 5G da aka kai inda turken bai da 5G, 4G take hawa kamar kowa, sai dai kuɗinta da ya fi yawa.

Duk wannan magana a kan sauri ce, alhali sauri ba shi ne abin da ya fi damun yawancin mutane ba. Netflix da kansa megabit 5 yake nema don hoto mai kyau, 15 don 4K. Kiran bidiyo na Zoom bai kai megabit 4 ba. Abin da ke lalata kira da darasin kai-tsaye da wasan intanet shi ne jinkiri da rashin tabbas, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, abin da manhajojin gwaji ke rubutawa da ping. Tsakanin kwamfuta da rauta ta kebul, jinkirin bai kai milisakan 1 ba, kuma haka yake zama daga safe har dare. Ta WiFi ya kan zama 'yan milisakan idan komai lafiya, sai can ya yi tsalle ya ninka sau goma ko fiye saboda wani ya fara tura bidiyo a ɗaki na gaba. Wannan tsallen ne ke sa murya ta kakkarye, hoto ya daskare, malami ya ɓace a tsakiyar jimla. Layi mai megabit 10 da ke tsaye daram ya fi mai 50 da ke hawa da sauka amfani ga ɗalibi.

Ba banza ba ne hukumar JAMB ta sharɗanta wa cibiyoyin jarrabawar kwamfuta su haɗa kwamfutocinsu da kebul. Wurin da ɗaruruwan yara ke zaune a ɗaki ɗaya, makomar shekararsu a kan allo, ba a bar shi ga iska ba. Bankuna ma haka suke yi. Abin mamaki shi ne mai shagon cike fom da kwamfutoci huɗu a kan tebur ɗaya, rauta na nesa da su da mita biyu, amma duka ta WiFi ya haɗa su, kuma wannan WiFi ɗin ne ya ba rabin layin lambar sirrinsa.

To amma kada a ɗora wa kebul abin da ba zai iya ba. Kebul ba ya ƙirƙirar sauri, kiyaye wanda ya iso kawai yake yi. Idan turken unguwa megabit 6 yake bayarwa da ƙarfe 9 na dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau TikTok da YouTube, to kebul ɗin zinare ma 6 zai kai ɗaki. Turken sadarwa shi ma zaure ne, babba, wanda dubban mutane ke rabawa. Shi ya sa layin da ke gudu bayan sallar asuba yake rarrafe bayan isha'i. A nan mai zagin kamfani yana da gaskiya, kuma a nan ne bambancin kebul da iska ya koma tafiyar farko, daga kamfani zuwa gida.

Maganin wannan shi ne faiba har cikin gida, zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, wanda ba ruwansa da ruwan sama ko ƙurar hunturu, kuma ya fi turke ɗaukar kaya nesa ba kusa ba. Tsarin bunƙasa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar zamanin minista Isa Ali Pantami, ya yi burin a samu aƙalla megabit 25 a birane da 10 a karkara. A 2020 ɗin ne kuma gwamnatin Nasir El-Rufai ta yafe kuɗin izinin shimfiɗa faiba a Jihar Kaduna, a daidai lokacin da gwamnatin tarayya ke lallashin jihohi su sauko zuwa naira 145 a kowace mita. Mataki ne mai kyau, sai dai yafe haraji ba ya haƙa rami. Kamfani yana kai faiba ne inda ya ga gidaje a haɗe masu biyan kuɗin wata-wata, shi ya sa ake farawa da unguwannin masu hali da rukunin gidaje, a bar unguwannin gefen gari a baya. Minista Bosun Tijani ya zo da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba a faɗin ƙasar. Ma'aunin da ya kamata mutanen Ƙaramar Hukumar Igabi su auna shirin da shi ba yawan kilomita ba ne, a'a, ko zaren zai sauka daga babban titi ya shiga lungu.

Faiba ma tana da nata ciwon. Kamfanonin sadarwa sun daɗe suna kukan ana datse musu ita a wurin aikin titi da haƙar magudanar ruwa, wasu kuma na tona ta da zaton tagulla ce. Shi ya sa a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su laifi ne. A shekarar ne kuma, ranar 14 ga Maris, kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, intanet da harkokin banki suka rikice a Najeriya na kwanaki. Ranar ce mutane da yawa suka gane cewa abin da suke kira intanet na iska, 'yan mitocinsa na ƙarshe ne kawai ke iska. Sauran dubban kilomitocin duk kebul ne.

Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, ya buɗe wata ƙofa ga masu ƙarfin aljihu. Taurarinsa na shawagi a nisan kimanin kilomita 550, don haka jinkirinsa bai kai na tsofaffin taurarin da ke nisan kusan kilomita 36,000 ba. Amma shi ma tafiyar farko kaɗai ya gyara. Mutum ya kashe maƙudan kuɗi ya ɗora faranti a rufi, sannan ya ajiye rautar a falo bayan bango uku, ya koma ɗaki yana mamakin ina saurin. Wani samfurin rautar tasu ma babu ramin kebul a jikinsa, sai an sayi mahaɗi daban, abin da ya kamata mai saye ya tambaya tun kafin ya biya.

Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a Janairun 2025, biyan kuɗin saurin da ba ya isa ɗaki ya ƙara zama ciwo. Sai dai a san wani abu: gyara saurin gida ba ya rage cin data, wani lokaci ma ƙara shi yake yi. YouTube da ire-irensa idan suka ga hanya ta buɗe, da kansu suke ɗaga ingancin hoto. Talabijin ɗin da aka haɗa da kebul zai daina tsayawa, amma datar wata na iya ƙarewa a mako uku idan ba a rage masa ingancin hoton da hannu ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa da kebul ke da ita ita ce mafi yawan mutane da waya suke shiga intanet, waya kuma ba ta da ramin kebul. Haka ne. Ƙaramar MiFi ta aljihu ma yawanci ba ta da shi. Ɗan haya kuma ba kowane mai gida ne zai bar shi ya huda bango ba. Amma wannan ba ya rushe maganar, domin ba a ce a kashe WiFi ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk abin da ba ya motsi, a sa masa kebul. Talabijin, kwamfutar tebur, na'urar wasa, firinta, kyamarar tsaro, rauta ta biyu. Duk na'urar da aka fitar daga zauren ta rage wa wayoyi layi, musamman talabijin, wanda shi ne ya fi kowa surutu. Ga laftof marar rami da wayoyin Android da yawa, akwai ɗan mahaɗin USB-C da ke karɓar kebul, wanda zai iya ceton mutum ranar jarrabawa ko tattaunawar neman aiki. Ɗan haya kuma na iya bi da siririn kebul ta ƙarƙashin ƙofa da gefen bango, ranar tashi ya naɗe abinsa.

Kebul ɗin ma sai an zaɓa. Kasuwa cike take da na jabu, wanda alminiyom ne aka shafa wa tagulla. Ya fi arha, ya fi saurin karyewa, kuma a dogon zango yana ba da matsala. Idan aka kankare zaren da wuƙa aka ga fari a ciki, to shi ne. Zare 8 ne a cikin kebul, kuma saurin megabit 1,000 yana buƙatar dukkansu. Idan ɗaya ya tsinke ko mai haɗa kan bai matse shi da kyau ba, haɗin kan faɗo zuwa 100 ba tare da wata sanarwa ba. Wasu rautoci masu arha da talabijin da yawa kuwa ramin nasu tun daga masana'anta 100 ne iyakarsa. Ga layin 4G wannan ya wadatar, amma ga mai faiba ko Starlink yana iya zama shi ne maƙogwaron da ya shaƙe. Wanda zai ja kebul daga wani sashen gida zuwa wani ta waje, ya nemi mai jure rana, ya sa shi cikin bututu saboda ɓeraye, kada ya rataya shi a sama kamar igiyar shanya. Daminar Kaduna da tsawa take zuwa, kuma tagullar da ke shawagi tsakanin gini biyu na iya kwaso wutar da za ta ƙone ramukan na'urori a ɓangarorin biyu.

Gano inda laifin yake ba ya buƙatar injiniya. Da Speedtest ko fast.com, a yi gwaji uku: ɗaya da laftof ta kebul a jikin rauta, ɗaya ta WiFi a tsaye kusa da ita, ɗaya a ɗakin da ake kuka da shi. A yi da safe, a maimaita da dare. Idan na kebul ya yi kyau na ɗaki ya faɗi, laifin na cikin gida ne. Idan duka ukun sun faɗi tare da dare suka tashi da safe, turke ne ya cika. Idan kullum a ƙasa suke, a gwada sauya wa akwatin taga ko a gwada layin wani kamfani kafin a sayi komai. A yi hattara dai, gwajin kansa yana shan data, kuma gwargwadon saurin layi gwargwadon abin da yake sha.

Sauran magana ta masu gini ce. Daga Rigachikun zuwa Maraban Jos sababbin gidaje ke ta tashi, kuma kusan kowanne ana sassaƙa bangonsa a binne bututun wayar lantarki da na eriyar talabijin, amma ba a tuna da na intanet. Ƙarin bututu ɗaya daga falo zuwa kowane ɗaki, da ɗaya zuwa silin ɗin tsakiyar gida inda za a maƙala mai raba WiFi, da ɗaya zuwa bakin ƙofar gida inda faiba za ta shigo ranar da ta iso, kuɗinsu kaɗan ne idan aka yi kafin filasta. Bayan an yi fenti kuwa, sai dai a fasa bango ko a haƙura da kebul na bin bango a fili. Mai wayarin ya raba bututun intanet da na lantarki, kada ya cusa su a rami ɗaya, ya kuma bar zaren ja a cikin kowanne. A kusa da inda rautar za ta zauna, a tanadi soket daga layin inbata ko ƙaramin batirin ajiya, domin yawancin rautoci volt 12 suke amfani da shi kuma wutar da suke ci ba ta da yawa, amma duk sanda aka ɗauke wuta aka juya zuwa janareto sai sun ɗauki minti ɗaya zuwa biyu kafin su dawo.